Isolate, isolated, isolation: yadda za ka gane su, ka kuma yi aiki da su daidai

Kafin shekarar 2020 ba kasafai ake jin kalmar isolation a bakin mutanen gari ba. Likitoci da ma'aikatan jinya ne suka san ta, sai ɗalibai masu shirin jarrabawa. Daga ranar 27 ga Fabrairun 2020, da aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas, sai kalmar ta cika rediyo da sanarwar NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa. Jihohi suka yi ta buɗe isolation centre, a Kano har a filin wasa na Sani Abacha aka kafa ɗaya. Tun daga nan mutane da yawa suka riƙe cewa isolation killacewa ce, shi ke nan. Killacewa ɗaya ce kawai daga cikin ma'anoninta. Wanda ya tsaya a kanta zai rikice ranar da ya gamu da kalmar a hasashen yanayi, ko a littafin kimiyya, ko a labarin siyasar duniya, ko a bakin mai gyaran wuta. Hausa tana da kalma daban ga kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare, kuma aikin mai koyo shi ne ya iya gane wace ce ta dace kafin ya buɗe baki ko ya ɗora alƙalami.

Mataki na farko: san inda ta fito

Tushenta kalmar Latin ce, insula, wato tsibiri. Italiyawa suna kiran tsibiri isola, abin da aka bari shi kaɗai kuma su ce isolato. Faransawa suka ara suka ce isolé, daga hannunsu Turancin Ingilishi ya karɓa a ƙarni na 18. Siffar isolated ce ta fara shiga, daga baya aka ciro aikatau isolate daga jikinta.

Duk ma'anonin da za mu bi suna komawa ga abu guda. Akwai wani abu da ke tsaye shi kaɗai, akwai sauran da aka raba shi da su, akwai kuma abin da ya shiga tsakani. Abin da ya shiga tsakanin yana iya zama ruwa, ko bango, ko doka, ko gaba, ko makunnin wuta da aka kashe. Daga wannan tushe ne aka samu peninsula, ƙasar da ruwa ya kusa kewayewa, da insulate, wadda za mu dawo kanta domin tana yawan rikita mutane.

Mataki na biyu: gyara furuci

Harafin i na farko ana furta shi ai, kamar farkon kalmar aiki. Harafin s kuma s ne kamar na sani. Da yawa a nan suna mayar da shi z su ce aizoleshan, ƙamus kuwa s ya ba da. Sai wurin da ake danna murya. A isolate gaɓar farko ce, AI-sa-leit. Haka a isolated, AI-sa-lei-tid. A isolation ƙarfin yana komawa gaɓa ta uku, ai-sa-LEI-shan, domin kalmomin da suka ƙare da -tion ana danna gaɓar da ke gabanta. Masu zana WAEC da NECO su riƙe wannan doka, tana fitowa a takardar gwajin furuci, kuma tana aiki a education da nation da examination.

Mataki na uku: koyi ginin jimlarta

Isolate aikatau ne mai neman abin da zai faɗa wa. Ana isolate wani ko wani abu, sannan a kawo from kafin abin da aka raba shi da shi. The doctors isolated the boy from the other patients, wato likitoci sun keɓe yaron daga sauran marasa lafiya.

A nan ne Bahaushe ya fi yin kuskure, kuma dalilin a fili yake. Mukan ce an raba shi da mutane, sai ƙwaƙwalwa ta fassara da ɗin zuwa with. Idan ka ce he was isolated with his family, abin da Bature zai ji shi ne an killace shi tare da iyalinsa, suna wuri guda. Idan nufinka an raba shi da iyalinsa ne, from za ka ce. Ƙaramar kalma guda ta juya zancen gaba ɗaya, kuma a takardar asibiti ko rahoton labarai wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Idan mutum ne ya janye da kansa, sai a sa himself ko herself ko themselves. He isolated himself from his friends after he lost his job, ya janye jikinsa daga abokansa bayan ya rasa aiki. Tun lokacin korona an saba da self-isolate, har ma da I am isolating ba tare da an ƙara komai ba, amma wannan a maganar cuta mai yaɗuwa kaɗai ake jin sa.

Isolation suna ne da ba a ƙirga shi a yawancin amfani. Ba a cewa an isolation, ba a cewa isolations. Cewa ake yi she was kept in isolation for ten days. Idan ka ga an isolation ward, wannan an ɗin na ward ne, isolation tana bayyana irin ɗakin ne kawai.

Sai bambancin isolated da isolating. Na farko halin da mutum ko wuri yake ciki ne, na biyu abin da ke jefa mutum cikin halin. I feel isolated, ina jin an bar ni ni kaɗai. Night duty can be very isolating, aikin dare yana raba mutum da jama'a. Dokar ɗaya ce da ta bored da boring, da tired da tiring.

Mataki na huɗu: yi wa jimlar tambayoyi uku

Duk inda ka ci karo da kalmar, kafin ka fassara ka tambayi kanka: me aka raba, da me aka raba shi, wa ya raba kuma don me. Amsar ce za ta nuna maka fagen da kake, fagen kuma ya ba ka kalmar Hausa. Wannan matakin ya fi sauran tsawo domin a nan aikin yake.

Mu fara da asibiti. A wurin likitoci isolation da quarantine ba abu ɗaya ba ne, ko da yake gidajen rediyo sun haɗe su duka a ƙarƙashin killacewa. Isolation na wanda aka san yana ɗauke da cutar ne, ana raba shi da masu lafiya. Quarantine na wanda ya yi hulɗa da mai cutar ne, bai nuna alama ba tukuna, ana taƙaita zirga-zirgarsa a ga ko za ta bayyana. Labarin Ebola a Legas ya nuna bambancin sarai. Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya ranar 20 ga Yulin 2014 yana da cutar, ya matsa a sallame shi daga asibiti, Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi. Tsare shi da aka yi a ɗaki shi kaɗai isolation ne. Waɗanda suka taɓa shi kuwa an sa musu ido na kwana 21, iyakar lokacin da cutar ke ɗauka kafin ta bayyana, kuma hana irinsu fita cikin wannan lokaci shi ake kira quarantine. Ita likitar cutar ta kama ta, ta rasu a watan Agusta. Ranar 20 ga Oktoban 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Najeriya ta rabu da Ebola.

Quarantine daga quaranta ta fito, arba'in da Italiyanci, kwanakin da ake tsare jiragen ruwa a bakin Venice a zamanin annoba kafin a bar mutanensu su sauka. Birnin Ragusa, wanda yanzu ake kira Dubrovnik, ya riga su kafa irin wannan doka a 1377, amma tasa ta kwana talatin ce. Yau kalmar ba ta ɗaure da arba'in, a korona kwana 14 aka fi yi. Lockdown kuma abu na uku ne, dokar kulle da ke hawa kan gari baki ɗaya, mai lafiya da mara lafiya, kamar wadda ta fara aiki a Legas da Abuja ranar 30 ga Maris 2020. Shawarata ga mai fassara labarai ita ce ya daina barin killace tsirara. Ya ce an killace masu ɗauke da cutar idan isolation ne, ya ce an killace waɗanda suka yi hulɗa da su don sa musu ido idan quarantine ne. Iyalin da ke sauraron rediyo suna da haƙƙin sanin ko ɗan'uwansu ya kamu ne ko ana jira a gani ne.

Idan abin da aka raba wuri ne, killacewa ba ta shiga ko kaɗan. An isolated village ƙauye ne da ke can shi kaɗai, nesa da sauran garuruwa, da wuyar zuwa. Tsibirin Tristan da Cunha da ke kudancin tekun Atlantika shi ake yawan kawowa misali: mutanensa ba su kai 300 ba, babu filin jirgin sama, sai an yi kwanaki a jirgin ruwa daga Cape Town. Remote ta fi nuna nisa kawai. Secluded wuri ne a ɓoye, shiru, wanda mutum zai so ya je ya huta. Isolated tana ɗauke da ƙamshin rashi: ba maƙwabta, ba asibiti kusa, in wani abu ya faru ba mai kawo ɗauki da wuri.

Idan kuma wani abu ne ya faru ya yanke hanya, cut off ta fi zama a baki. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, jimlar da ta dace ita ce whole neighbourhoods were cut off by the flood, ambaliya ta yanke unguwanni daga sauran gari. Da aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021, people were cut off from their relatives, an katse mutane daga 'yan'uwansu. Ana iya sa isolated a duka biyun ba a yi laifi ba, sai dai ta fi kama da harshen rahoto, cut off kuwa ita ce ta hira. Ka lura cut ba ta canza siffa, cut ce jiya da yau, babu cutted.

Sai zuciyar mutum. A nan Turanci yana da kalmomi huɗu da ɗalibai ke cakuɗawa. Alone na nufin ba kowa tare da kai, ba ta ce da daɗi ko ba daɗi ba. Lonely ciwon kaɗaici ne da kewa, ana iya jin sa a tsakiyar taron biki. Solitude kaɗaicin da mutum ya zaɓa ne yana kuma jin daɗinsa. Isolated kuwa tana nuna cewa igiyoyin da ke haɗa mutum da jama'a sun yi ƙaranci ko sun tsinke. Ɗauki amaryar da aka kai wani gari mai nisa, ba ta jin yarensu, mijin yana fita tun safe sai dare, ba ta da wadda za ta leƙa ta gaisar. She is isolated, wannan bayanin halin da take ciki ne, ana iya ganinsa daga waje. She feels lonely, wannan abin da ke cikin ranta ne. Masana lafiya suna kiran na farko social isolation, kuma sun ɗauke shi da muhimmanci, har Birtaniya ta naɗa ministar da za ta kula da matsalar kaɗaici a 2018. Malamin da ya shiga halwa ko mai i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan bai dace a ce he is isolated ba, domin kalmar za ta sa a ji kamar wani abu ya same shi. He is in seclusion ko he has gone into retreat su suka fi kusa.

A gidan yari ana cewa an sa fursuna in isolation, amma sunan abin a doka solitary confinement ne. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela a 2015, sun bayyana shi da tsare mutum awa 22 ko fiye a rana ba tare da wata hulɗa ta kirki da ɗan'adam ba, sun kuma haramta a wuce kwana 15 a jere.

A siyasar duniya Hausa tana da magana da ta zauna daram: mayar da ƙasa saniyar ware. Bayan an rataye Ken Saro-Wiwa, marubuci mai fafutukar kare haƙƙin ƙabilar Ogoni, da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamban 1995, aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, ba ta koma ba sai a 1999. Jaridun lokacin suna cewa Nigeria faced international isolation. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take turawa. Sai a Fabrairun 2024 ECOWAS ta sanar da ɗage takunkumin. Mutanen Maraɗi da Katsina, da na Birnin Ƙonni da Illela, sun ga abin da kalmar ke nufi a farashin kaya da motocin da suka yi layi a kan iyaka. Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata ta daɗe a wannan hali, ba ta shiga wasannin Olympics ba daga 1964 sai a 1992.

Kada ka haɗa wannan da isolationism. Isolation yawanci wasu ne ke yi wa ƙasa. Isolationism manufa ce da ƙasa ke zaɓa da kanta, ta ƙi shiga ƙawance da rigingimun waje, mai wannan ra'ayi kuma isolationist ne. Amurka ce babban misali: majalisar dattawanta ta ƙi yarda ƙasar ta shiga ƙungiyar ƙasashen duniya ta League of Nations bayan yaƙin duniya na farko, ra'ayin ya ci gaba da ƙarfi har zuwa harin da Japan ta kai mata a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamban 1941. Ɗaliban tarihi za su kuma gamu da splendid isolation, laƙabin da aka yi wa tsayuwar Birtaniya ita kaɗai ba ƙawance a ƙarshen ƙarni na 19, wadda ta fara sauyawa da yarjejeniyarta da Japan a 1902.

A kimiyya ma'anar ta juya, babu baƙin ciki a cikinta, nasara ce ma. To isolate a substance shi ne a tsamo sinadari guda daga cikin tarkacen da yake gauraye da su. A 1820 wasu Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka tsamo kwinin daga ɓawon itacen cinchona. A 1972 ayarin wata masaniyar kimiyya mai suna Tu Youyou a China suka tsamo artemisinin daga wani tsiro dangin tazargade, sinadarin da magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau suka dogara a kai, ita Tu Youyou kuma ta samu kyautar Nobel a 2015. Ka ga a nan tsamo ko ware ko tace ne fassarar, wanda ya ce an killace kwinin ya ɓata.

Haka abin yake a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Ma'aikaci zai ɗauki siririyar waya mai ɗan zobe a baki, ya ƙona ta a wuta har ta yi ja, ya bari ta huce, ya taɓa fitsarin da aka kawo, ya ja layi-layi a kan wani faranti mai abincin ƙwayoyin cuta. Kowane sabon layi yana ɗaukar ƙwayoyi kaɗan fiye da na baya. Ya rufe, ya sa a na'ura mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, ya bari ya kwana. Washegari a ƙarshen layin sai ga ɗigo-ɗigo a warwatse, kowane ɗigo zuriyar ƙwaya guda. Ya ɗauki ɗaya, ya ware ta ke nan. Shi ya sa takardar sakamako ke cewa E. coli isolated, wato an gano wannan ƙwayar a cikin abin da aka gwada. Na ga mutanen da hankalinsu ya tashi da ganin kalmar a takarda suna zaton killace su za a yi. Idan kuma aka rubuta no pathogen isolated, albishir ne, ba a samu ƙwayar cuta ba. Ita ƙwayar da aka ware ana kiranta an isolate, suna ne mai jam'i, isolates, kuma ƙarshensa gajere ne a furuci, AI-sa-lat. Masana harshe ma suna da language isolate, harshen da ba a gano danginsa ba, kamar Basque a iyakar Sifaniya da Faransa.

A lissafi malami zai ce isolate x, wato ka kwashe komai zuwa ɗaya ɓangaren ka bar x ita kaɗai. Makanike ko mai gyaran kwamfuta zai ce isolate the fault, a bi ɗaya bayan ɗaya har a gano ainihin inda matsalar take.

Wurin masu aikin wuta ne kuskure ke iya cin rai. To isolate a circuit shi ne a yanke shi daga inda wuta ke zuwa kafin a taɓa. Ƙwararren mai gyara zai je ya sauke makunnin da ake kira isolator, ya zare fis ya jefa a aljihunsa don kada wani ya mayar yana tsakiyar aiki, ya kashe hanyar janareta da ta inbata, sannan ya ɗora testa a kan wayar ya tabbatar ba ta kawo haske ba. To insulate kuwa shi ne a rufe waya da roba ko tef don kada wuta ta tsallaka. Wayar da aka yi wa insulate tana iya kasancewa da wuta a cikinta. Wadda aka yi wa isolate ita ce babu. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci su yi hattara sosai a nan. A Faransanci isoler tana ɗaukar ma'anonin biyu, kuma isolation a can ita ce insulation ta Ingilishi, abin da Ingilishi ke kira isolation kuma su isolement suke cewa.

Saura amfani uku da ke yawan fitowa a jarida. An isolated incident ko an isolated case abu ne da ya faru sau ɗaya, ba ya cikin wani jerin abubuwa masu kama da shi. Kakakin hukuma yakan faɗe ta don ya kwantar da hankali, mai karatu kuma ya kamata ya tsaya ya duba ko da gaske ba a taɓa yin irinsa ba. A hasashen yanayi na NiMet, isolated thunderstorms na nufin ruwa da tsawa jefi-jefi, a 'yan wurare kaɗan, scattered ta fi ta yawa, widespread kuma kusan ko'ina. Na uku shi ne in isolation da ma'anar duba abu shi kaɗai ba tare da abin da ke kewaye da shi ba. The price of maize cannot be considered in isolation, ba a duba farashin masara shi kaɗai, sai an haɗa da kuɗin taki da na mota da halin tsaro. Wannan tana ƙara wa rubutun insha'i nauyi idan an sa ta a inda ta dace.

Mataki na biyar: san maƙwabtanta

Tambayoyin JAMB na kalma mafi kusa da ma'ana a nan suke kama mutane, domin zaɓin duka huɗu za su yi kama da daidai. Stranded na matafiyin da ya maƙale ne, mota ta lalace ko kuɗi sun ƙare ko an soke jirgi. Asalinta strand, bakin teku, inda jirgin ruwa ke kafewa. Marooned ta fi ta tsanani, an bar mutum a inda ba hanyar fita, kamar kan rufin gida a tsakiyar ambaliya. Ostracise jama'a ce ke juya wa mutum baya, ba gaisuwa ba gayyata. Ta samo suna daga tsohuwar Athens, inda ake rubuta sunan mutum a kan tsingaro a jefa, wanda sunansa ya fi yawa ya bar gari shekara goma. Boycott ƙauracewa ce da aka shirya don matsa lamba, daga sunan Kyaftin Charles Boycott, wakilin mai gonaki a Ireland wanda mutanen yankin suka daina yi wa aiki da ciniki a 1880. Abin da Ƙuraishawa suka yi wa Banu Hashim a Makka na kusan shekara uku, littattafan tarihi na Turanci boycott suke kiransa. Segregate raba jama'a ne rukuni-rukuni bisa launi ko jinsi ko addini. Incommunicado na wanda aka tsare aka hana shi magana da kowa ne, har lauya da iyali, kuma da held ake haɗa ta: he was held incommunicado. Desolate kama kawai ta yi da isolate a kunne, ma'anarta kufai, wurin da ya zama ba kowa ba komai.

Mataki na shida: juya daga Hausa zuwa Turanci

Gwajin gaskiya shi ne ka fara da tunaninka na Hausa ka nemo kalmar da ta dace, domin haka rubutu yake zuwa a zahiri. Ka sami littafin rubutu, ka raba shafi biyu. Duk lokacin da ka gamu da ɗaya daga cikin kalmomin nan a jarida ko a takardar asibiti, kwafe jimlar gaba ɗaya a hagu, kada ka kwafe kalmar ita kaɗai, domin abokan tafiyarta su ne rabin ma'anarta. A dama ka rubuta yadda za ka faɗa wa mahaifiyarka da Hausa. Bayan kwana biyu ka rufe hagu, ka mayar da Hausar zuwa Turanci, ka buɗe ka gwada. Idan kana duba ƙamus, ka nemi na masu koyo mai kawo misalan jimloli, ka karanta har ma'ana ta ƙarshe, kada ka tsaya a ta farko.

Gwada waɗannan kafin ka karanta amsa. An killace mutum uku da aka tabbatar suna da zazzaɓin Lassa. Fasinjoji sun maƙale a tasha saboda ba mai. 'Yan unguwa sun daina kula shi tun da aka kama shi da sata. Gada ta karye, ƙauyen ya yanke daga gari. Kashe layin kafin ka hau falwaya. Tsohuwar tana zaune ita kaɗai amma ba ta jin kaɗaici.

Ta farko: three confirmed Lassa fever patients have been isolated, an tabbatar da cutar, saboda haka quarantine ba ta shiga. Ta biyu: passengers were stranded at the motor park because there was no fuel. Ta uku: his neighbours have ostracised him since he was caught stealing, ko a sauƙaƙe a ce they have shunned him. Ta huɗu: the bridge collapsed and the village was cut off from the town. Ta biyar: isolate the line before you climb the pole. Ta shida ba ta buƙatar isolate ko kaɗan: the old woman lives alone but she is not lonely. Idan ka sa isolated a cikinta ka ƙara abin da Hausar ba ta faɗa ba, domin mai yiwuwa jikokinta suna shigowa kullum da yamma, maƙwabta kuma suna aiko mata da tuwo.